Kwanukan da Ke Bayana

Ina gama wankan jegon ɗana na fari ciwon sanyi ya kama ni, ƙaiƙayin har ba ya barina in zauna ɓarar masara. Ban faɗa wa kowa ba sai ɗiyar yayar mahaifiyata, wadda ta yi karatun kiwon lafiya a Funtua. Bidiyo take yi a waya, tana bayyana wa 'yan mata da samari abin da suke kunyar tambaya.

Ita ta ce mini maganin ba ya ci sai miji da mata sun sha tare. Na daɗe ina lallaɓa maigidana kafin ya yarda mu je asibiti a Malumfashi ranar kasuwa, lokacin da ba mai tambayar inda ka nufa.

Kafin ranar ta shigo ɗakina da wayarta.

"Ƙanwata, faɗi yadda kike ji, wata ta amfana. Sa niƙabi, wa zai gane ki?"

"Yaya, muryata fa?"

"Zan sauya ta, ko Inna ba za ta shaida ba."

Ta sauya kuwa. Amma gaban jerena ta zaunar da ni, wai nan haske ya fi. A garinmu kuwa duk macen da ta zo ganin ɗakin amarya sai ta haddace kwanukan. Nawa samiru ne masu ruwan ganye da kakata ta ba ni, ɗaya murfinsa a lotse.

A wani gidan suna matar wan mijina ta miƙo mini waya tana murmushi.

"Amarya, ashe kwanukanki sun shiga duniya. Allah ya ba maigidan lafiya."

Kafin la'asar magana ta kai majalisar su maigidana.

Na ruga wajen Yaya, na ce ta cire bidiyon don Allah. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kin ga yawan masu kallo kuwa? 'Yan mata sai aiko tambaya suke yi. Lada kike samu."

Ranar kasuwa na shirya, na goya yaro. Maigidana ya tayar da babur, ya juya kansa wajen gona.

"In je a gan ni, a ce gaskiya ne?"

Ni kaɗai na hau mota. Ma'aikaciyar asibitin ta ba ni maganin mutum biyu, na shanye nawa, nasa ko kallo bai yi ba. Ba a gama sussukar dawa ba ƙaiƙayin ya dawo.