Takalmin da Na Cusa wa Auduga

Mun tashi da asuba ana yayyafi, ni da 'yata ta fari, ƙunshin kayanta a kaina. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce kowacce ta rubuto tafiyar da ta yi kwanan nan, a karanta wa 'yan'uwa. Na so in zaɓi wata tafiyar, amma wannan ce ta tsaya mini a rai.

Abin da ya kai mu Funtua tsere ne na 'yan firamare. Ba gudun fili ba ne kawai. Sai an tsallake shingaye, an yi rarrafe a ƙarƙashin igiyoyi, an hau katangar katako, sannan a ratsa fadama. Ukun farko cikin 'yan mata za a tafi da su Kaduna, kuma malaminsu ya ce duk wadda ta je can ba ta rasa gurbi a makarantar kwana. Yarinyar nan tana ajin ƙarshe. In ba bana ba, shi ke nan.

Tun a gida muka saɓa kan kayan da za ta sa. Ita ta ce wandon wasanni na makaranta da 'yar shara sun ishe ta, ƙafa kuwa ba takalmi, kamar yadda take bin gonar shinkafarmu. Ni kuma na ce birni za mu. 'Ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan gurzar auduga za su zo tsaf, ba za a nuna tawa a ce ga 'yar ƙauye ba. Na kai zakaruna kasuwar Kafur na sayo farin kambas. Kun dai san yadda muke yi, ba a saya wa yaro takalmi daidai ƙafarsa, sai mai rara, don ya kai baɗi kuma ƙanne su gada. Na farke matashin kai na ciro auduga na cusa a gaban kowane wari. Saboda sanyin marka na haɗa mata da suwaitar babanta ta gwanjo. Na kuma ja mata kunne: "Ki kula mini da takalmin nan. Kada ki kuskura ki dawo da wari ɗaya."

Akori-kura muka hau zuwa Malumfashi, mu da kwandunan kaji da wani tsoho mai tunkiya. Tamfol ɗin motar ya huje daidai kaina. Da na yi magana, yaron mota ya ce, "Inna, ai wankan kyauta ne, ba mu ƙara miki ko kwabo ba." A tasha muka sha koko. Ƙosan sule yanzu bai cika tafin hannu ba. Na tambayi mai suyar, ta ce man gyaɗa ne ya yi fushi da talaka. Daga nan muka shiga bas. Hanya shar, dawa da masara sun fi mutum tsayi, auduga kuma ta baza ganye. Wajen Bakori ruwa ya kwanta a gonaki kamar tafki. Yarinyar tana ta leƙen taga, hannunta kan takalmin da ke cinyarta, don ta ƙi sa shi sai an isa.

Mun shiga Funtua jirgi yana kuka a tasha. Filin tseren yana bayan gari, an kafa tutoci, masu dafaffiyar masara da gyaɗa sun kewaye. Kunyata ta fari a nan ta same ni. Yaran birnin da na yi ta tsoro, duk sun tuɓe takalmansu sun miƙa wa iyayensu. Tawa ce kaɗai a tsaye da takalmi fari tas a ƙafa, ga suwaita har cinya.

Malaminta ya zo ya gaishe ni, ya dube ta ya ce, "Inna, wannan shiga ai ta zuwa biki ce. Da an rage mata kaya." Na ce, "Malam, sanyi ake yi, ga ƙaya a fadama." Yarinyar ta dube ni. Na kau da kai. Shi kuma ya ga girmana, ya koma wajen sauran yaran.

Da aka busa usur, na koma bakin fadama inda iyaye mata suka taru, har da wasu mutanen ƙauyenmu da suka zo cin kasuwa. Daga nesa nake hango ta. Ta tsallake shingayen kamar barewa. Da ta fito daga ƙarƙashin igiyoyin, suwaitar ta sha ruwa ta sauko har gwiwa, tana jan ta baya. Duk da haka ita ta fara hawa katangar, ita ta fara faɗawa fadamar. Wata mata kusa da ni ta ce, "Kai, wannan mai rigar tsofaffin 'yar wa ce? Ba ta da ta biyu!"

A tsakiyar laka audugar nan ta jiƙe ta dunƙule, takalmin dama ya saki ƙafarta ya nutse. Ta yi gaba kaɗan da ƙafa ɗaya ba takalmi, hanya a buɗe gabanta. Sai ta tsaya cak. Ta juyo, ta durƙusa, ta zura hannuwanta cikin laka har kafaɗa tana lalube.

Ko'ina uwaye suna ta kwala kiran sunayen 'ya'yansu. Ni kuwa, 'yar fari ce, tun da aka raɗa mata suna ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Ke! Ke! Bar shi!" To, a fadamar nan wace ce ba "ke" ba? Matar nan ta kama hannuna ta ce, "Baiwar Allah, ashe taki ce? Kira sunanta mana!" Sunan ya zo har kan harshena. Na waiga na ga mutanen ƙauyenmu suna kallona. Na haɗiye shi. Ina tsaye ɗaya ta wuce ta, wata ta wuce, wata ma ta wuce, ta huɗu ta bi bayansu.

Tawa ce ta zo ta biyar. Ta nufo ni tana rawar sanyi, laka har cikin gashi, ta miƙo mini takalman duka biyu ta ce, "Ga shi, Inna, bai ɓata ba." Da ma zagina ta yi. Na kwance mayafina na lulluɓe ta, ban iya kallon malamin ba.

Muka kamo hanyar gida. Na saya mata masara a Malumfashi, ta ci rabi ta riƙe sauran har gida. Mun isa da la'asar, muka tarar da babanta da kakarta a zaure. Babanta ya ce yaya aka yi. Ta ce, "Santsi ne ya kayar da ni, Baba." Na ajiye ƙunshin na ce ba santsi ba ne, na faɗa musu komai. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Kunyar ɗan fari mu muka koya muku, amma ba mu ce ku kai ta bakin fadama ba."

'Yan'uwa, ga abin da na koyo. Wanda zai shiga laka cikin sanyi, a bar shi da kaya marasa nauyi, waɗanda ba sa riƙe ruwa, a ajiye masu ɗumin a hannu sai ya fito. Takalmi ko dai ya kama ƙafa gam, ko a haƙura da shi. Sauran kuwa ba na kaya ba ne. Ni idon mutane na yi wa shiri, ban yi wa fadama ba.

Shekaranjiya malamin ya aiko cewa ukun sun tafi Kaduna. Yarinyar ta ce Allah ya ba su sa'a, ta saɓa fartanyarta ta nufi gona.