Danƙon Salatif a Motar Amarya

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan manta safiyar da ni da mijin ƙanwata muka durƙusa muna goge danƙon salatif a jikin motar Baba ba. Wanda ya ji haka zai ce ai wannan wankin mota ne, ba labari ba. Ni ma da a kan wani abin ya faru, haka zan ce. Shekaru sun ja, motar ma ta daɗe da barin hannunmu, amma safiyar nan tana nan a raina kamar jiya.

Ƙanwar tawa ita ce autarmu, malama ce a wata firamare a nan Birnin Kebbi, kuma da sikila aka haife ta. Ciwon bai hana ta baki ba. Ni da ita kullum cikin tsiya muke, in ce mata 'yar gidan likita, ta ce mini mai zuciya a kusa. Gaskiyarta kuwa, don haƙuri bai cika zama a wurina ba. Da Allah ya haɗa ta da wanda take so, wani manomin shinkafa daga Argungu, sai ta kafe a kan ba za a kai ta a motar aro ba. Abokan ango suka yi tayin manyan motoci, ta ce ta gode. Tsohuwar motar Baba da ta sha kai ta asibiti, ita take so ta kai ta ɗakinta.

Ranar kai amarya, tun da hantsi ƙawayenta suka rufar wa motar. Suka ja ribon ja da fari tun daga gaba har baya, suka jera fulawoyin roba, komai da salatif suka manna shi. Da na ce kada su taɓa fenti, sai suka bi baƙar robar da ta kewaye gilasai da ƙofofi da bamba suka lafta mata. Ina tsaye ina yi musu tsiya, wai sun mayar da tsohuwa budurwa. An riga an ɗaura aure, an yi jere a Argungu, tafiya kawai ta rage bayan la'asar.

Bayan azahar ciwon ya tashi, irin tashin da ba mu taɓa gani ba. Babu wanda ya tuna da wata kwalliya. Muka sa ta a baya, Inna ta rungume ta, na ja motar sai asibiti. Tun daga unguwar Badariya 'yan kabu-kabu suke danna mana oda suna ɗaga hannu, wani ma ya biyo mu ya leƙo ta taga yana cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Kafin a kira magariba Allah ya karɓi abarsa. Na fito harabar asibitin na ga motar tana ta walƙiya da ribon, na bi na fizge su da hannuna na cusa a but.

Daga nan motar ta zauna a ƙofar gida, gindin katanga, inda babu inuwa. Bazara ce, kowa kuwa ya san ranar garin nan a lokacin. Muna kan tabarmi muna karɓar gaisuwa, mutanen Argungu da Gulma suna ta zuwa mota-mota, rana kuma tana can tana dafa abin da salatif ya bari. Danƙon ya narke ya kama robar, ƙura ta hau ta zauna a kansa. Duk inda ribon ya bi sai ga tabo launin ƙasa a jere. Ko yaro ya kalli motar ya san an yi mata kwalliyar amarya.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta ce za ta je Argungu da ƙafarta ta gai da mahaifiyar ango, wadda tsufa bai bar ta ta zo ba. Baba ya kira ni gefe ya ce ni zan kai ta washegari, amma kada in kuskura in bari ta fito ta ga tabon nan. Tun ranar asibiti ba ta sake shiga motar ba, kuma a ganinsa abin da take ɗauke da shi ya ishe ta.

Da aka fito sallar asuba na ɗauko reza da gorar fetur, niyyata in gama kafin rana ta ɗaga. Na ɗiga fetur a kusurwar bamba na murza. Danƙon ya ɗan saki, amma da wurin ya bushe sai na ga baƙin robar ya yi fari-fari. Haushi ya kama ni, na kai reza zan kankare, sai na ji an riƙe mini hannu. Angon ne. Tun ranar jana'iza yana gidanmu, ya ƙi komawa ɗakin da aka yi wa jere.

"Yaya, aje rezag ga," in ji shi. "Danƙo shina hita. Amma in ka yanki roba, ko hetur ya ci ta, tabon ba shi hita har abada. Kullum Inna taf hito sai ta gan shi."

Na ajiye. Ya ce lokacin siyasa an sha manna masa takardun 'yan takara a motar da yake ɗaukar shinkafa, a nan ya koyi yadda ake yi. Ya sa na shiga cikin gida na karɓo ruwan ɗumi da man gyaɗa da tsummoki, ban gaya wa kowa abin da zan yi da su ba. Sai a jiƙa tsumma a ruwan ɗumin a ɗora a kan tabo ya ɗan jima, sannan a shafa man da yatsa a bar shi ya shiga. In ya yi laushi, a tura shi a hankali da tsohon katin roba, irin wanda ake ɓallo layin waya a jikinsa. Abin da ya rage a murza da babban yatsa har ya dunƙule ya faɗi, a bi wurin da sabulu don kada man ya kama ƙura.

Aiki ne na mai haƙuri, ni kuwa kun ji halina. Sau da yawa nakan danna katin da ƙarfi, sai ya dube ni kawai, in sassauta. Shi yana wannan gefe, ni ina wancan, muna bin robar taku-taku. Can ya ce mini da safiyar ranar kai amarya ƙanwata ta kira shi a waya, ta ja masa kunne kada ya yi wa motar babanta dariya in ta iso. Na ji katinsa ya daina motsi, ban leƙa ba, don ni ma a lokacin ba na ganin abin da nake gogewa sosai.

Sai da hantsi ya yi muka gama. Robar ta koma baƙa wuluk, har ɗan wurin da fetur ya taɓa man ya rufe shi. Baba ya fito ya zagaya motar ya sa mana albarka. Na ji wani sanyi a raina, irin wanda ban ji ba tun rasuwar, ina ganin ko ba komai na kare Inna daga abu ɗaya.

Ta fito da hijabinta, na buɗe mata ƙofa, amma ba ta shiga ba. Ta tsaya tana kallon motar, ta bi gefen gilashi da tafin hannu, ta duba hannun.

"Mi kunka yi ma motag ga?"

Na ce mun ɗan wanke ta ne. Ashe ta riga ta ga tabon tun ranar da ta rako wata 'yar'uwarta bakin ƙofa, kuma saboda shi ne ta ce a wannan motar za ta tafi.

"Na so mutanen Argungu su gani da idonsu," ta ce a hankali. "Mun shirya kawo ta. Ba mu ƙi ba."

Baba ya sunkuyar da kai ya koma ciki. Ba ta yi faɗa ba, ta shiga ta zauna, angon ya shiga gaba. Na ja motar har muka isa Argungu. Da aka gama gaisuwa da koke-koke, tsohuwar ta dogara sanda ta rako mu ƙofar gida. Inna ta dafa motar ta ce mata a cikin wannan muka so kawo mata amaryarta. Tsohuwar ta ƙura wa motar ido, ta duba sama ta duba ƙasa, mota ce wankakkiya kamar kowace mota. Inna ta nemi inda za ta nuna mata da yatsa, ta rasa. A nan ne na ji rasuwar ƙanwata ta sake sauko mini sabuwa.

Mun yi aikin nan da kyau, ko ƙwarzane ba mu bar wa robar ba, kuma don ƙauna muka yi shi. Mu maza uku muka yanke abin da zuciyar Inna za ta iya ɗauka, babu wanda ya shiga ya tambaye ta. Abin da na koya shi ne, wanda aka yi wa mutuwa ba duk abin da ke sa shi kuka yake so a kawar masa ba, wani abin shi kaɗai ya rage masa. Tun daga ranar, in na shiga gidan makoki ba na ɗauke ko takalmin mamaci daga bakin ƙofa sai na tambayi masu shi.