Kukan da Sahei Ya Ara

Mijina Sahei mace yake fitowa a fim, kuma ya fi ni iya rangwaɗa, wannan kam ba na musu. A zamaninmu mata ba sa wasa, maza ke shafa farar hoda su sa gashin aro. Kamfaninsu a Kyoto na Tsurumaki ne, wani mai sayar da miyar waken soya da ya wayi gari ya sayi kyamara. Ɗakin ɗauka babu, sai wani fili a bayan wurin bauta; hadari na tasowa an tashi aiki. Ni ke ɗinka musu kaya.

Sahei bai koyi wasa wurin kowa ba. Uwarsa Oshige ya kwaikwaya kaf: yadda take jan ƙafa, da yadda take cizon hannun riga in kuka ya zo mata don kada a ji. Da wannan kukan kamfanin ya ci abinci shekara da shekaru. Kyamara tana nesa, fim ba murya, mai ba da labari da ke tsaye gefen farin ƙyallen majigi shi ke maƙale murya ya yi maganar mata. Kowa ya san Sahei namiji ne, ba wanda ya damu.

Sai Tsurumaki ya ɗauko sabon mai ɗaukar hoto, mai rawar kai, wanda ya ce yanzu har kan fuska ake kai kyamara.

"Matso da ita," in ji Sahei. "Fuskar ai ba ta aro ba ce."

Don ma abin ya ƙayatar, ranar da za a nuna fim ɗin ya je ƙauye ya ɗauko Inna, wato uwar tasa, wadda ba ta taɓa ganin majigi ba. Ya zaunar da ita a tabarmar gaba, ya saya mata gasasshen dankali.

Da aka zo wurin kukan, fuskarsa ta cika ƙyalle. Ga tsiron gemu ya huda hoda, ga zakaran wuya yana hawa da sauka, ga hannun riga a baki. Gidan kallo ya kece da dariya.

"Baiwar Allah, wanzaminki ya yi tafiya ne?" wani ya ƙwala daga baya.

Mai ba da labarin ma ya kasa ƙarasa magana. Ni kam na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ko motsi ba ta yi ba.

A hanyar gida, sai da muka kai kan gada ta tsaya.

"Sahei, ashe haka nake kuka?"

"Inna, ba ke suke wa dariya ba, gemuna ne."

"Na sani. Amma lokacin da ubanka ya tafi ya bar mu, na ɗauka ba mai ganina. Ashe kana leƙe. Ka gani, ba ka rufa mini asiri ba, ka kai kasuwa."

Daga ranar ya ajiye gashin aro. Bai kuma sake shafa hoda ba. Tsurumaki ya ɗauki mace ta gaske, amma kukanta bai sayu ba, kamfanin ya durƙushe, ya koma kan miyarsa. Sahei ya ƙare rayuwarsa yana tallar awara, in wani ya ce kamar ya san fuskar nan, sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ranar da Inna ta rasu ina kusa da shi. Na ga hannun rigarsa ya doshi bakinsa. Sai ya dubi gawar, ya sauke hannun da sauri, ya tsaya hawaye na zuba bai san yadda zai yi da su ba.