Facin Sanata Pruett

Duk wanda ya san Sanata Obadiah Pruett a jihar Vermont ta Amurka ya san facin da ke gwiwar hannun kwat ɗinsa. Amma babu huji a ƙarƙashin facin. Keziah Tuttle kaɗai ta san haka, don ita ta ɗinka shi.

Keziah tela ce mai ji da hannunta. In ta yi ɗinki, sai ka kai shi bakin taga kafin ka ga zare. A zamanin, 'yan majalisar jiha ke zaɓen sanata, yawancinsu manoma ne da ba sa shiri da ɗan gayu. Pruett kuwa lauya ne, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba. Ana gab da zaɓe ya kawo mata kwat sabuwa fil.

"Gwaggo Keziah, faci nake so. Mummuna."

"Ina yagar, Yallaɓai?"

"Tana tafe. Ki sa zare mai kauri, yadda na kujerar baya zai hango. Kuma bakinki ƙanin ƙafarki."

Ya ci zaɓe. Manoma suka ce ga namu. Matansu kuwa suka shiga cigiyar wadda ta yi wannan ɗanyen aiki. Da aka gano, Mehitabel Crane, uwar tsegumin garin, ta tare ta a ƙofar coci.

"Keziah, idon ne ya tafi, ko da ƙafa kike ɗinki yanzu?"

Daga nan rigunan amare suka koma garin gaba. Keziah ta haɗiye, ta shekara goma sha biyu tana ɓata lafiyayyen yadi.

Kwatsam wani ya fito takara da faci biyu, ya kayar da Pruett. Pruett ya dawo lauyan ƙauye, sai shari'ar shinge da ɓarnar shanu. Wata safiya ya shigo wurin Keziah da kwat a naɗe, murya ƙasa-ƙasa. Wannan karon hujin na gaske ne.

"Gwaggo, a rufa asiri. Kada kowa ya gane."

"Au, yagar ta iso?"

Kwana uku tana kansa, ta zuba duk gwanintarta. Ranar Lahadi ta jawo Mehitabel, ta nuna mata gwiwar hannun Pruett.

"Duba nan da kyau."

"Ban ga komai ba."

"To, aikina ke nan."

"Wane aiki? Ai sabuwar kwat ce."

Keziah ta buɗe baki, ta hango Pruett yana roƙon ta da ido, sai ta rufe. Ta koma gida ta watsa wa kajinta masara.