Malama Sabaheta, Wadda Ta Hana a Goge Mu

Ranar Laraba, sha biyar ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Sabaheta Delalić a gidanta da ke bakin gada, nan ƙauyenmu Lipnik, tana da shekara saba'in da ɗaya. Zuciya ce ta tsaya. 'Yarta Nermina ta same ta zaune a kicin, tabarau a kan hanci, gahawar gabanta ko hucewa ba ta yi ba. Na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Washegari bayan azahar muka yi mata salla, muka kai ta kusa da mijinta a maƙabartar kan tudu.

Malama, a bakin kabarinki ban iya cewa komai ba. Na ga wasu fuskoki a sahun gaba, masu share hawaye da gefen hannu, waɗanda bara-baran nan suke kiranki tsohuwar da ta rasa aikin yi. Amma wurin ba na magana ba ne. Yau zan faɗa, kuma a rubuce, don kada wani ya ce bai ji ba.

Shekara talatin da huɗu kina koyar da lissafi a makarantar ƙauyen nan. Ni Hajrudin, mai kiwon zuma, ina cikin daƙiƙan da suka ratsa ajinki, kuma ban taɓa jin kin kira ni daƙiƙi ba. Abin da kike cewa kullum shi ne ina ba da amsa tun kafin in karanta tambaya. Bayan kin yi ritaya ɗanki Elvedin ya aiko miki da tsohuwar kwamfutarsa daga birnin Graz, can ƙasar waje, don ki riƙa ganin jikoki. Wani zai tsaya a ganin jikokin. Ke kuwa sai da kika kwance ta, kika baje kayan cikinta a kan teburin cin abinci, kika mayar, ta tashi. Cikin shekara biyu babu tsohuwar da wayarta za ta rikice a kwarin nan ba ta hau matakalarki ba. Ki gyara, ki dafa mata gahawa, sannan ki tilasta ta ta maimaita abin da kika yi da hannunta har sau uku. Goggo Hasiba, wadda ba ta iya karatu ba, ke kika zana mata hotunan maɓallai a bayan kalanda, da su take kiran ɗanta a Jamus har yau.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wancan makon na watan Afrilun bara.

Kowa a nan ya san wani kamfani ya samo izinin zuba koginmu cikin bututu don ya samar da lantarki ya sayar. Muka kafa ƙungiya, aka naɗa ni sakatare. Shekara uku muna tara hujja: sa hannun mutum ɗari biyu da sha huɗu, hotunan kifayen da suka mutu lokacin da aka fara haƙa, awon ruwa na kowane mako, da muryoyin dattawa goma sha ɗaya suna faɗin inda kowace gona take shan ruwa. Huɗu daga cikin dattawan nan sun riga sun rasu. Duk wannan yana cikin kwamfuta guda, a ɗakin ƙungiya da ke bayan masallaci. Kin sha gaya mana mu kwafe su a wani wuri. Muka yi ta cewa gobe.

Ranar Juma'a za a shigar da takardunmu kotu. Ranar Litinin saƙon imel ya shigo, da tambarin kotu, wai an canja ranar zama, cikakken bayani yana cikin takardar da aka maƙala. Na danna. Babu abin da ya buɗe sai wani farin shafi da ya ƙifta ya ɓace. Na sake dannawa. Kafin la'asar kwamfutar ta koma kamar mai ciwon ƙafa: in taɓa linzami, sai na ƙirga ashirin kafin kibiyar ta motsa, fankar ciki kuma tana ta huci ba tsayawa.

Talata da safe na kai ta wurin mai gyara a birni. Ko minti biyar bai yi ba ya ce cuta ce ta shige ta, magani ɗaya ne, a goge komai a sake zuba sabo. Na ce kayan ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na rungumo ta na dawo, ban san inda zan sa kaina ba, sai ƙafata ta kai ni ƙofarki.

Kina cikin murza ƙullin gurasar pita. Kika dube ni, kika dubi abin da ke hannuna.

"Me ka danna?"

"Malama, daga kotu ne fa."

"Kotu ta gaya maka da bakinta? Ajiye nan. Kada ka haɗa ta da intanet ɗina, ba na son baƙin da ban gayyata ba."

Kika wanke hannu, kika kunna ta ta hanyar da ba abin da zai tashi sai abin da ya zama dole. Nan take ta daina huci. Kika ce, "Ka gani? Ba tsufa ba ne, aiki ake sa ta a ɓoye." Kika buɗe jerin manhajojin da ke tashi tare da ita, kina bi ɗaya bayan ɗaya da bakin fensir, kina rubuta sunan kowace a littafin awon fulawarki. Wadda ba ki sani ba ki bincika a wayarki. Wajen azahar kika tsaya a kan wata mai suna kusan irin na manhajar firinta, harafi ɗaya ne ya bambanta su, kuma ranar Litinin ta shigo, daidai lokacin da na danna. Sannan kika buɗe saƙon a wayarki, kika kara mini adireshin wanda ya aiko a hanci.

"Karanta. Da ƙarfi."

Na karanta. Babu kotu a ciki ko kaɗan.

"Shekara arba'in, Hajrudin, har gemu ya yi fari, ba ka fara karanta tambaya ba."

Na yi dariya, sai dariyar ta juye kuka. Ba ki lallashe ni ba. Kika tura mini faranti, kika ce in ci, aiki na gaba.

Kwana biyu muka yi. Kika kwashe takardu da hotuna da muryoyin nan zuwa wata sabuwar ma'ajiyar bayanai, kaɗan-kaɗan, kina tace kowane kashi kafin ki yarda da shi. Da muryar marigayi Refik mai injin niƙa ta fito daga lasifika, yana lissafa magudanan ruwa, kika cire tabarau kika bar shi ya kai ƙarshe. Bayan komai ya tsira ne kika goge kwamfutar da kanki, kika canja duk kalmomin sirrinmu.

A nan ne kika gano abin da ya fi cutar muni. A cikin akwatin imel ɗin ƙungiya an saka umarni cewa duk saƙon da ya shigo a tura kwafinsa wani adireshi. Wasiƙun lauyarmu na kwana biyu sun tafi. Jerin sunayen masu sa hannu ma, da alama, ya tafi.

Na roƙe ki mu rufe maganar. Na ce in mutane suka ji, za su tsorata su janye, ni kuma ba zan iya sake shiga kasuwa ba. Kika ce sunayensu ne, ba nawa ba, haƙƙinsu ne su sani.

Ranar Alhamis da yamma ɗakin ƙungiya ya cika. Na tashi na faɗi abin da na yi. Midhat, wanda tun farko yake cewa mu karɓi abin da kamfani zai bayar mu huta, ya miƙe ya ce ga irinta nan, an damƙa amanar gari a hannun mai zuma da tsohuwa mai wasa da na'ura, yanzu da sunaye suka fita, kowa ya san wanda zai rasa aikinsa. Wasu suka fara neman hularsu.

Kika dogara sanda kika miƙe.

"Midhat, zauna, na san ka tun kana cin alli. Hajrudin ya yi kuskure, ya kuma faɗa da bakinsa a gabanku. Wanda ya aiko saƙon nan bai sa sunansa ba. Mu mun sa namu. To su karanta! Nawa ne na bakwai, in idonsu bai gani ba in ƙara masa girma."

Kika zaro sabuwar takarda, kika sa hannu a layin farko, kika ajiye biro a kai. Mutum tara suka janye, ban kuma riƙe su a zuci ba, suna da 'ya'ya. Amma mutum talatin da ɗaya da ba su taɓa sa hannu ba suka sa a ranar. Juma'a da safe takardunmu suka shiga kotu, ba shafin da ya ɓace. Bayan wata biyu aka ba da umarnin dakatar da haƙa har a gama shari'a.

Har yau ba mu san wanda ya aiko saƙon ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani da idona ba. Abin da na sani shi ne an so mu wayi gari ba mu da hujja, ba mu da amincin juna, kuma bai yiwu ba saboda ke.

Tun ranar jana'iza ake tambayata, cikin murya mai taushi, ko ƙungiya za ta ci gaba yanzu da babu Malama. Ga amsa. Motocin haƙa suna nan a fake a ƙasan gada, mun gan su, mun san jira suke. Zaman kotu na gaba ranar huɗu ga Nuwamba ne. Mun ɗauki hayar bas biyu zuwa kotun, kuma duka sun cika.

Ya Allah, ga baiwarKa Sabaheta ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sanya kowane yaro da ta koya wa ƙirga, da kowace uwa da ta sada da ɗanta na nesa, su zama nauyi a mizaninta. Ka shayar da ita daga ƙoramun Aljanna, waɗanda babu mai iya tare su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nermina da Elvedin da 'ya'yansu, da ƙanwarta Goggo Zumreta, da dukan mutanen Lipnik. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu ƙarfin tsayawa inda ta tsaya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Hajrudin Smajić,
ɗalibinki.