Gudun da Ya Ci Ƙafata a Hanyar Gidimuni

Mun tashi da asubar Asabar daga ƙofar gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram, ana idar da salla muka sa kai gabas. Mu uku ne. Ni a ƙasa da gudu, sai abokina ɗan kabu-kabu a kan motonsa, wato babur, da bidon ɗin ruwa a gaba, sai baffana, ƙanen mahaifina, tsohon soja, wanda ya ɗare bayan moton da agogo a hannu da usur a wuya kamar zai jagoranci bataliya. Ku da kuke ta kirana a waya kuna tambayar me ya same ni, ga amsarku nan, don Allah ku bar ni in huta.

Saura kwana goma sha ɗaya a yi konkur, wato jarrabawar shiga jandarma. Sau biyu ina zuwa, sau biyu gudu ne yake kayar da ni, ba rubutu ba. Bana ce ta ƙarshe, domin baɗi shekaruna sun wuce waɗanda ake ɗauka. Mahaifina baduku ne, idonsa ya fara kasa ganin bakin ɗinki, ni ne babba a ɗakinmu, kuma gidan kaf ya zuba ido a kan wannan kaki. Shi ne Baffa ya yanke cewa in yi gudu daga Damagaram har gidan gwaggona a Gidimuni cikin kwana biyu. Wai wanda ya yi wannan, filin konkur zai zame masa kamar tsallaka tsakar gida.

Takalmin da na sa, baskit ne irin na 'yan gudu, na gwanjo, da na saya jaka huɗu ana jibi za mu tashi. Ya ɗan matse ni. Mai sayarwa ya rantse zai buɗe. Mahaifina ya karɓa, ya danna bakinsa da babban yatsa, ya ce wannan roba ce ba fata ba, ba ta buɗewa. Baffa ya ce soja ba ya zaɓen takalmi, ƙafa ce take koyon zama a ciki. Na bi ta Baffa, don a ganina mutumin da ya shekara arba'in a zaune a kan buzu bai san gudu ba. Na raina sanin uban da aikinsa ke nan, auna ƙafar mutane.

Daga gari zuwa Mirya kam, sai hamdala. Muka bar duwatsun Damagaram a baya, rana ta fito a kan gonaki, ana tsakiyar girbi, ko'ina dammunan gero a jingine, amalanken shanu suna ta kwasa. Wani manomi ya ɗago daga yankan zangarniya ya kwaɗa mini kira, “Kai, wa ya biyo ka?” Da ya hango Baffa da usur a bayana, sai ya kaɗa kai ya ce Allah ya ƙwace ni. Mun yi dariya a lokacin. A Mirya muka tsaya gindin tsamiya kusa da masu tukwane, na sha koko da ƙosai na dala talatin, kokon da ɗumi da yaji yadda nake so. A nan na fara jin faratan ƙafata suna zugi, amma na ce sabon takalmi ne, ya gaji haka.

Bayan Mirya hanya ta miƙe, inuwa ta ƙare. Zafin kaka ba wasa ba ne, kwalta tana turo shi ta tafin ƙafa. In babbar mota ta taho sai in sauka gefe cikin tsakuwa da ƙarangiya, in ta wuce in sake hawa. Baffa yana busa usur duk lokacin da na rage gudu, har jakuna suna juyowa. Da azahar muka ya da zango a wani ƙaramin ƙauye, mai gari ya ba mu zaurensa, aka kawo mana fura mai kauri da ɗan wake, suka ƙi karɓar ko dala.

Da na zo cire takalmi, safa ta manne da nama, sai da aka jiƙa ta da ruwa. Farce biyu a ƙafar dama sun yi baƙi ƙirin, jini ya kwanta a ƙarƙashinsu. Bororo ya fito a dunduniya ya fashe, ya sake fitowa a kan wanda ya fashe. Abokina ya kau da kai. Baffa ya leƙa ya ce madalla, ƙafar farar hula ce take fita, ta soja tana shigowa. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri na tsoma, ya shafa mini man kaɗanya.

Amma akwai wani ciwon da ban nuna wa kowa ba. Yana saman ƙafar, bayan yatsa na biyu, wuri ɗaya tak da kan yatsana zai iya rufewa. Babu rauni, babu jini, sai ɗan kumburi. In na danna sai in ji har cikin haƙorina. Na yi shiru saboda Baffa. Tun muna yara yake ɗingishi, kuma mun tashi da labarin cewa a bakin daga ya samo shi, can arewa. Ba mu taɓa ganin ƙafar ba, kullum tana cikin safa da rufaffen takalmi, ko alwala a ɗaki yake yi. Da wane baki zan ce wa irin wannan mutum saman ƙafata yana ciwo?

Washegari takalmin ya ƙi shiga. Sai da Baffa ya zare igiyar gaba ɗaya ya tura ƙafar da ƙarfi. Kilomita biyun farko na yi su ina cije leɓe, daga nan jiki ya yi zafi, ciwon ya ɗan lafa, na yi murna, ashe yaudara ce. Kafin hantsi ya dawo da ƙarfinsa, kowane taku kamar na taka ƙusa. Na koma taka gefen ƙafar, sai gwiwa da ƙugu su ma suka ɗauka. Da Baffa ya sauka kama ruwa, abokina ya matso da moto ya ce a hankali, “Ka hau mana. Wallahi ba wanda zai ji a bakina.” Na zage shi. Na ce masa shi da bai taɓa neman abin da ya wuce kuɗin mai ba, me ya sani? Har yau wannan maganar tana damuna fiye da farcen da ya fita.

Muna hango dabinon Gidimuni wata babbar mota ta taso mu, na yi tsalle na sauka gefen kwalta da ƙafar dama. Na ji ƙas a cikin ƙafar, ji na kunne ba na zato ba. Na durƙusa. Baffa ya busa usur. Ku yarda ko kada ku yarda, na tashi na ƙarasa sauran hanyar ina jan ƙafa, don kada a ce a kan moto na shiga garin.

Gidimuni gari ne mai kyau, ban hana shi ba. Bayan tsandaurin da muka ratso, sai ga kore shar a cikin kwari, dabino da rake da rogo, tafki yana ƙyalli, masunta suna ta fama da koma, iska tana kawo warin kanwa. Rake kara guda dala ashirin, abokina ya ce bai taɓa shan mai zaƙinsa ba. Ni dai ta cikin hawaye na ga garin.

Gwaggo tana ganin ƙafar ta saka salati, ta juya kan ƙanenta ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta ce tun yana yaro ba ya jin magana. Ta dafa mana tuwon gero da miyar kifi, ban iya cin loma uku ba. Kafin la'asar maƙwabta sun cika gidan, kowa ya duba ya ce targaɗe ne. Aka kira mai gyaran targaɗe, wani dattijo da garin ya yarda da hannunsa. Ya zauna ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya tambaye ni, “Ka gurɗe ne, ɗana?” Na ce a'a, tun jiya take ciwo a wuri ɗaya. Sai na ga ya dakata, ya ce irin wannan shi ba ya son taɓawa. Baffa ya ce, “Malam, ja kawai. Kwana goma ya rage mana.” Aka dube ni. Ni ma na ce ya ja.

Ya shafa man shanu, ya kama yatsun ya fizga, ya bi saman ƙafar da babban yatsa yana dannawa. Ban san ina da irin wannan ihun a cikina ba. Gwaggo ta toshe kunne ta shige ɗaki. Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura har idon sawu, ta yi shuɗi da baƙi, yatsun sun zama kamar ba nawa ba.

Ranar Litinin abokina ya goya ni a moto zuwa dispanser, ƙaramin asibitin garin. Majo ɗin, wato mai duba marasa lafiya a wurin, mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗora yatsa ɗaya daidai wurin, na zabura. Ta ɗago ta ce, “Wa ya ja wannan ƙafar?” Ta wanke bororon, ta ɗaure, ta ce kada ƙafar ta sake taɓa ƙasa, mu koma Damagaram a ɗauki hoton ƙashi.

Muka shiga motar haya, ni a gaba da ƙafa a miƙe. Hanyar da ta ci mini kwana biyu, mota ta cinye ta kafin azahar. Na ga zauren mai garin nan, na ga tsamiyar Mirya, duk suka wuce kamar ba a nan na zubar da gumi ba.

Likita ya ɗaga hoton a haske ya nuna mini. Ƙashin ya daɗe yana tsagewa kaɗan kaɗan saboda yawan duka a takalmin da ya matse, tsallen ya ƙarasa shi, jan da aka yi kuma ya gusar da shi daga mazauninsa. Na tambaye shi, da na tsaya tun ranar farko fa? Ya ce ba zai yi mini alkawarin konkur ba, amma da hutu kawai zan yi, ba karaya ba. Aka naɗa mini filasta har ƙauri. Na ce masa saura kwana tara. Ya ce, “Ka manta da kwana, watanni za ka ƙirga.” A bakin asibitin na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ranar konkur ina zaune a zauren mahaifina da ƙafa a kan matashi, ina ganin samari suna wucewa da gajeren wando. Sai ga Baffa, wanda tun dawowarmu bai leƙo ba. Ya zauna a ƙasa, ya kwance takalminsa, ya zare safa. Saman ƙafar a karkace yake, ƙashi ya yi tudu, yatsu biyu sun hau juna, babu farce ko ɗaya. Ya ce, “Ba harsashi ba ne. Gudu ne, watana uku da shiga soja. Na yi shiru kamar yadda ka yi, aka ja mini kamar yadda aka ja maka. A madafar bariki na ƙare aikina.” Ya share ido ya ce, “Na ɗauka haka ake zama soja.” Na so in yi masa faɗa, na kasa. Mahaifina bai ɗago daga ɗinkinsa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Bororo da baƙin farce suna da ban tsoro a ido, sai dai suna warkewa. Ciwon da za ka ji tsoro shi ne wanda ba ya nuna kansa, mai zama wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da kowane taku. In ka ji shi ka tsaya, kada ka bari a ja, ka je a duba. Kuma shirun da na yi ba jarumta ba ce, tsoron bakin mutane ne.

Dosiyena na takardun neman jandarma yana cikin akwati, ba inda za shi. Na nemi gafarar abokina, ya ce ya manta, na san bai manta ba. Shekaranjiya mahaifina ya turo mini basilla da guntun fata, na ɗauka. Yau da safe na yanka takalmina na farko, na wani manomi daga Gafati. Na sa shi ya miƙe tsaye ya taka fatar, na zana ƙafarsa, sannan na ƙara masa faɗin yatsa ɗaya a gaba.