Naman da Goggo Rut Ta Kawo

Ranar jajibirin Kirsimeti, shekarar da na cika tara, na buɗe ƙofar gidanmu na haya a garin Hyattsville na tarar da Goggo Rut riƙe da tire. Tsohuwa ce Ba'amurkiya da ke zaune a hawan ƙasa, kuma ita ke kula da ni da ƙanwata bayan makaranta har Umma ta taso daga aiki a asibiti. A kan tiren akwai curin nama mai sheƙi, an rufe shi da yankakkiyar abarba, an caccaka masa kanumfari. Na rusuna na karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mini.

Umma ta dawo ta duba. Naman alade ne. A gidanmu ba a cin sa, ba a zubar da abinci, kuma ba a mayar wa maƙwabci kyautarsa. In ran Goggo Rut ya ɓaci, ba mu da wani mai riƙe mu. Umma ba ta yi faɗa ba, aiki ta tsara. Da farko ta kai wa wata Kirista abokiyar aikinta naman. Na biyu, ta sa na wanke tiren tas. Na uku, bayan kwana biyu ta sayo cinyar rago, muka shafa mata zuma, muka jera abarba, muka gasa. Gishiri kaɗan ta barbaɗa, domin ta san wancan naman cike yake da gishiri, ga suga a samansa, tsohuwar kuma tana fama da hawan jini.

"Ke kika karɓa, ke za ki faɗa mata gaskiya," in ji Umma. "Ki fara da godiya."

Na sauka na kai mata ragon a kan tirenta. Na yi godiya, na faɗi abin da ba ma ci, na faɗi inda namanta ya tafi. Goggo Rut ta yanki ragon, ta daɗe tana taunawa.

"Ki ce wa uwarki gishiri bai ji ba," ta ce. "Baɗi ni zan sayo ragon, ita ta gasa."

Haka aka yi ta yi har muka tashi daga gidan.

Yau ina zaune a garin Largo da 'ya'yana. Sun iya karanta duk abin da aka rubuta a jikin kwalin abinci, amma ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa da dafaffe. Maƙwabcina daga cikin mota yake ɗaga mini hannu. Bai taɓa yi mini kuskure ba, domin bai taɓa ba ni komai ba.